Waya ko kyamara: da wanne za ka ɗauki hoton ƙwarin lambun gidanka a Sakkwato?

Duk gidan da ke da bishiyar lemun tsami ɗaya, da zogale a jikin katanga, da 'yar kuɓewa ko yakuwa a bayan ɗaki, yana da ƙwarin da za su ishi mai hoto aiki shekara guda cur. Ba sai an tafi fadamar Kwalkwalawa ko bakin gulbin Rima ba. Abin da ke tsayar da mutane shi ne kayan aiki: wayar da ke aljihu ta isa, ko sai an nemi kyamara? Yawancin masu wannan tambaya sun riga sun gwada. Sun kara waya kusa da malam-buɗe-littafi ya tashi, ko ya tsaya amma hoton ya fito dishi-dishi, sai suka ɗora wa wayar laifi, suka fara lissafin sauya ta da mai tsada. A ganina nan ne kuɗi ke zurarewa a banza. Abu biyu ke raba hoton ƙwaro mai kyau da marar kyau, tazarar da ke tsakaninka da shi da kuma hasken da ya sauka a jikinsa. Yawan megafiksel ɗin da aka rubuta a kwali yana can baya.

Bari mu fara da waya, tunda ita ce a hannun kowa. Wayoyi da yawa na Tecno da Infinix da Redmi suna zuwa da wani ƙaramin ido a baya da aka rubuta masa makro, wato na ɗaukar abu daga kusa. Galibi megafiksel 2 ne kawai, kuma saitinsa a kafe yake a wajen santimita 4, ba ya matsawa gaba ko baya. A fuskar waya hoton zai yi kamar ya yi, amma da ka buɗa shi da yatsu biyu sai ka ga ya dagule, launi ya koɗe. Babban idon wayar ya fi shi nesa ba kusa ba. Ka ja baya zuwa inda babban idon ke iya kama abu tsaf, ka danna zum sau biyu, ka ɗauka, daga baya ka yanke gefe. Sau da yawa hoton da za ka samu ta haka ya fi na wancan ƙaramin idon. Manyan wayoyi kuwa, irin iPhone 13 Pro da ta fito a 2021 da waɗanda suka biyo ta, suna iya kama abu a tazarar santimita 2, kuma hoton na fita fes. Sai dai a lura da lambar, santimita 2. Faɗin ɗan yatsa ke nan da ɗan ɗoriya. Wane ƙuda ne zai zauna ka kawo masa allon waya har goshinsa? Ko ya zauna ma, inuwar wayar da ta hannunka sun riga sun rufe shi.

Akwai kuma gilashin da ake maƙala wa waya da ɗan matsi. Na roba masu arha da ake haɗawa uku a leda ɗaya, tsakiyar hoto kaɗai suke fitarwa, gefe duk ya karkace. Araha dai ba ta ado. Na gilashin gaske ya fi tsada, amma ko kusa bai kai kuɗin sabuwar waya ba, kuma akwai masu ba da tazarar yatsu uku zuwa huɗu, wadda ke barin haske ya shiga. In mutum zai tsaya kan waya, wannan ne kaɗai abin da zan ce ya saya.

Kada a raina waya, domin akwai wuraren da ta fi kyamara sauƙin aiki. Na farko, tana nan lokacin da abin ya faru. Ƙwaro ba ya jiran ka shiga ɗaki ka buɗe jaka. Na biyu, saboda sensar da ke karɓar haske a cikinta ƙarama ce, yankin da ke fita tsaf a hoto ya fi faɗi, za ka ga kan tsutsa da bayanta duk sun fito tare. Ga ƙwarin da ba sa gudu, wannan babbar riba ce. Ka duba sabon tohon lemun tsami da damina. Za ka ga wani abu mai ruwan ƙasa da fari a kan ganye, sak kashin tsuntsu. Tsutsa ce, ta wani babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya. Idan ta girma sai ta koma kore shar, kuma in ka taɓa ganyen da ɗan ƙarfi za ta fito da wasu ƙahoni biyu masu laushi daga bayan kanta, su saki wari don korar abokin gaba. Duk wannan waya na ɗaukarsa, kuma bidiyo ya fi fitar da shi. Wayar da ke ɗaukar bidiyon 4K, kowane hoto guda da ka tsamo daga ciki yana da megafiksel 8 da 'yan kai, ya ishi Facebook da WhatsApp har da saura.

Haka tumfafiyar da ke fitowa a kango ko bayan gida, wadda mutane ke sarewa ba tare da sun kalle ta ba. A kanta farar tumfafiya ke zama, mai ruwan ɗorawa da zane-zane, wadda ba a ci. Da yake ta san ba mai cin ta, ba ta da saurin tashi, za ka iya kai mata waya har kusa da fuska. A ƙarƙashin ganyen kuma akwai tsutsar malam-buɗe-littafin nan mai launin lemo da baƙin bakin fiffike, jikinta zobe-zobe na fari da baƙi da rawaya. Mai waya zai yi wata yana aiki a gindin tumfafiya ɗaya. Illa dai a kiyaye ruwan nonon tumfafiya, kada ya taɓa ido, don yana yi wa gani lahani.

Inda waya ta fi amfani kuwa shi ne wajen gane abin da ke cin shuka. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta kira ni wata safiya, tana riƙe da robar feshi. Ta ce, "Ɗana, taho ka ga wanga ƙwaro da ka cinye min kuɓewa." Wasu 'yan tsutsotsi ne baƙaƙe masu tabon ruwan lemo, jiki ƙaya-ƙaya, suna ta kai-komo a ƙarƙashin ganye. Na ɗauka da waya, na buɗa mata hoton. Ga ɗaya daga ciki riƙe da darɓa a baki tana ci. Na ce, "Inna, ba su na ba. Ga mai ɓarnar nan, su kuma abincinsu ke nan." 'Ya'yan ƙaramin ƙwaron nan ne mai kama da rabin ƙwallo, ja da ɗigon baƙi, wanda shi da 'ya'yansa darɓa suke ci. Ta ajiye robar. Amma akwai ɗan'uwansa da ke kama da shi, wanda shi ganyen kabewa da kankana yake kankarewa. Bambancin a bayansu yake: mai cin darɓa yawanci bayansa na sheƙi, mai cin ganye bayansa dusu-dusu ne saboda ƙananan gashi da suka lulluɓe shi. Da ido ba lallai ka raba su ba, hoto na rabawa. Haka tsutsar nan mai cin masara da aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016, ana gane ta da alamar Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu a jere kamar murabba'i kusa da wutsiya. Da irin wannan hoton za ka iya saka shi a manhajar iNaturalist ko Google Lens, masu gane abu daga hotonsa, ko ka tura wa malamin gona. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, don in ka tura shi hoto kai tsaye manhajar na matse shi, alamun da ake nema su ɓace.

To ina wayar ke gazawa? Wajen duk abin da ke tashi, da duk abin da ke harbi, da duk lokacin da haske ya yi ƙaranci. Ƙudan zuma a furen zogale, zanzaro yana ɗaukar laka, rina a sheƙarta ƙarƙashin rufin kwano, ƙuda mai koren jiki: waɗannan ba sa yarda da santimita 2, wasunsu ma kai ne bai kamata ka yarda ba. Fitilar waya kuma haske ne mai ci gaba kamar tocila, ba ta da ƙarfin da za ta tsayar da motsi, kuma a kusa sosai gefe take haskawa.

A nan kyamara ke shigowa. Gilashin makro na gaske, irin Canon 100mm ko Nikon 105mm ko Tamron 90mm, yana kai abin da masu hoto ke kira 1:1, ma'ana girman ƙwaron a zahiri shi ne girmansa a kan sensa. Sensar ƙananan kyamarorin Canon da Nikon faɗinta wajen milimita 22 zuwa 24 ne, don haka ƙudan zuma ɗaya zai cike fiye da rabin hoto. Kuma yana yin haka ne daga tazarar santimita 10 zuwa 15 daga bakin gilashi. Wannan 'yar tazara ita ake saya da kuɗi. A nan ƙwaro bai cika damuwa da kai ba, inuwarka ba ta kansa, kuma akwai wurin da haske zai bi. Ranar da mutum ya fara ganin idon ƙuda a hotonsa, dubban ƙananan gidaje jere reras, ko ƙurar fure maƙale a gashin ƙafar zuma, zai san ya ga abin da ido bai taɓa nuna masa ba, ya kuma yi tasbihi.

Amma a faɗi gaskiya, kyamara tana da wahalar da mai waya bai san da ita ba. A girman 1:1, ko ka matse ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga ta cikin gilashi, zuwa lambar f/11, kaurin yankin da ke fita tsaf bai kai milimita ɗaya ba. Ka saita kan ido, ƙafa ta ɓace. Ka yi numfashi, idon ma ya ɓace. Shi ya sa masu wannan aiki ke kashe saitin da kyamara ke yi da kanta, su kafe shi da hannu, sannan su riƙa matsawa da jiki gaba kaɗan baya kaɗan, suna dannawa daidai lokacin da ido ya fito. Hotuna da yawa za su tafi shara kafin ɗaya ya tsaya. Wanda ba shi da haƙurin tsugunno a gindin kuɓewa har ƙafa ta yi sanyi, kyamara za ta ƙare masa a cikin sif.

Matse ƙofar haske kuma yana nufin haske kaɗan ke shiga, sai an kawo filasha. Mutum zai ce, a Sakkwato da rana ke tsaga kai, wane haske kuma ake nema? Ai ranar ce matsalar. Hasken tsakar rana a nan mai kaifi ne, yana buga bayan ƙwaro mai sheƙi ya yi fari fat, ƙasansa kuma ya yi baƙi ƙirin. Ga shi a wannan lokacin ƙwari sun fi zafin nama. Lokacin aiki shi ne sanyin safiya, bayan asuba zuwa hantsi, sa'ad da jikinsu bai ɗumama ba suna lafe a ganye, sai kuma bayan la'asar sakaliya. A waɗannan lokutan hasken na da taushi amma ba shi da yawa. Filasha na walƙawa ne cikin ɗan lokacin da sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, don haka tana tsayar da rawar hannu da kaɗawar ganye. Sai dai ba a sakinta tsirara. Ana sa mata abin da zai tausasa ta, kuma ba sai an saya ba: farar takarda mai kauri, ko farin sosan da ake naɗo kayan lantarki da shi, a huda tsakiya a zura a bakin gilashi ya tsaya tsakanin filasha da ƙwaro. Ko filashar da ke kan kyamarar ma ta isa farawa. Saitin da za a fara da shi: f/11, saurin ɗauka 1/200 na daƙiƙa, ISO 200, wato ma'aunin yadda sensa ke jin haske, sai a riƙa ƙara ko rage ƙarfin filasha har launi ya zauna. Na sha ganin hoton tsohuwar kyamara mai takarda a baki ya doke na sabuwa dal da aka ɗauka a rana tsaka.

Gilashin makro yana da tsada, sau da yawa ya fi kyamarar hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, da za a ɗaura shi a kai. Akwai hanyoyi uku na rage kuɗi, kuma a nan ne yanayin garinmu ke yanke hukunci. Akwai zobban da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, yawanci uku a saiti, milimita 12 da 20 da 36. Akwai juya gilashin baya ya koma gaba da wani zobe. Dukansu suna aiki, dukansu kuma suna buƙatar a riƙa cire gilashi ana mayarwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke sauka har a kan harshe, duk buɗewa ɗaya ƙura ce ke shiga ta zauna kan sensa. Kuma ba inda ƙurar sensa ke tona kanta irin hoton makro, domin da zarar an matse ƙofar haske kowane ɗigo sai ya fito baƙi a hoto. Juya gilashi ya fi muni, don cikinsa ne ke fuskantar iska.

Hanya ta uku ita na fi so wa mutumin Sakkwato: gilashin da ake maƙalawa a gaban wanda ke kan kyamara, ba tare da an cire komai ba. Sanannen cikinsu shi ne Raynox DCR-250, ɗan ƙarami da ke shiga aljihu, yana kama bakin gilashi mai faɗin milimita 52 zuwa 67. In ka ɗora shi a kan gilashin zum irin 55-200 ko 55-250 da ake yawan sayarwa tare da ƙananan kyamarori, zai ba ka tazarar wajen santimita 12, ya kai 1:1 tun a kusa da 125mm, ya wuce haka in ka ƙara zum. Malam-buɗe-littafi ya sauka can nesa, ka ɓalle shi cikin daƙiƙa ka ɗauka da zum. Tururuwa ta zo wucewa, ka mayar. Ƙanensa DCR-150 bai kai shi kusantowa ba, amma ya fi sauƙin sarrafawa, tazararsa wajen santimita 20, kuma ga mai farawa da manyan ƙwari irin fara da ƙoƙi-ƙoƙi shi ya fi dacewa.

Akwai wata ƙaramar kyamara da ta cancanci a ambata, Olympus TG-6 ta 2019 da magajiyarta TG-7 ta 2023. A rufe take ruf, ƙura ba ta shiga, ruwa ba ya shiga, tana kama abu daga santimita 1, tana kuma iya ɗaukar hotuna da yawa a jere ta haɗe su ɗaya don jikin ƙwaro duka ya fito. Ga hazo da ruwan Agusta babu kamarta. Amma matsalar tazara tana nan yadda take a waya, kuma ba ta cika yawo a kasuwanninmu ba.

Zafi ma abin lissafi ne. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, yawancin kyamarori kuma an rubuta musu digiri 40. A Afrilu da Mayu Sakkwato na haura 40 ba wani labari. Waya a rana tana ɗaukar bidiyo, nan da nan take ɗumama, haskenta ya ragu har ka kasa ganin abin da kake ɗauka, wani lokaci ta rufe kyamarar gaba ɗaya. Kyamara ta fi jurewa in hoto ake ɗauka, kuma tana da ramin da ake kara ido, wanda rana ba ta hana gani ta cikinsa. Amma bazara dama ba lokacin ƙwari ba ne sosai, sai a inda ake ban-ruwa. Kakar aikin tana farawa ne da ruwan farko, daren da shinge ke cika gindin fitila, ta yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ta ja har Oktoba lokacin da fara ke yawa. Wanda zai sayi kaya ya saya kafin Yuni, ya koyi hannu a kan tururuwa da tsutsa kafin damina ta kankama. Ta fuskar gyara kuwa waya ce a gaba: mai gyaran waya yana kowace unguwa daga Mabera zuwa Arkilla, mai gyaran kyamara sai an tona, wani lokaci sai an aika da ita wani gari.

Ga yadda nake raba su. Wadda ke da lambun zogale da tattasai a tsakar gida, burinta ta san abin da ke cin ganyenta kafin ta yi feshi, ko ta nuna wa yara abin mamaki, ta riƙe wayarta, ta ƙara gilashin maƙalawa mai kyau ɗaya. Ɗalibin aikin gona ko na ilimin halittu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ke buƙatar hoton da zai shiga rahoto, shi ma waya da gilashi za su kai shi nesa, sai in ƙwarin da yake bi masu tashi ne. Amma wanda hoton kansa yake so, yake son zuma a kan fure da idon zanzaro, yake son ya buga ya rataye a bango, kada ya zuba kuɗinsa a sabuwar waya da sunan makro. Ya nemi kyamarar hannu, ko da tsohuwa ce irin Canon 600D ta 2011 ko Nikon D3300 ta 2014, da gilashin zum, da Raynox, da takarda a baki. Gilashin makro na gaske ya jira sai hannu ya faɗa.

Roƙona ɗaya ga duka ɓangarorin biyu, kada a kashe ƙwaro ko a jefa shi firji don ya tsaya. Ana ganewa a hoto, ƙafafu sun lanƙwashe, gashin baki ya kwanta, kuma ba dalilin ɗaukar rai saboda hoto. Sanyin safiya yana yin wannan aikin kyauta. A kuma duba ƙasa kafin a durƙusa, don gindin tukunyar shuka da ƙarƙashin bulo gidan kunama ne.

In za ka sayi kyamarar hannu, yawanci daga wajen masu hoton biki take fitowa, kuma tasu ta sha dannawa. Ka nemi a nuna maka adadin hotunan da ta ɗauka. Ƙananan kyamarori an gina su ne don wajen dubu 100, wadda ta kusa nan ka rage mata kuɗi ko ka bar ta. Ka haska tocila ta cikin gilashin, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, ta fi kama kayan da suka zauna a Kudu mai laima, kuma ba ta fita da shafa. Ka matse ƙofar haske zuwa f/22, ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka buɗa hoton ka ƙirga ɗigon ƙura. Ka tabbatar filashar kai tana tashi tana walƙawa. Batir biyu za ka nema, saboda filasha na shan caji, wuta kuma ba kullum take nan da asuba ba. Sannan ka haɗa da ɗan famfon iska na roba da akwatin roba mai murfi da za ka riƙa rufe ta ciki in an fara hazo.